Waƙoƙin Urdu da Namu: Abin da Hali da Iƙbal Ke Faɗa wa Ɗan Minjibir

(Laccar da aka gabatar a taron ɗaliban ƙasar Minjibir lokacin hutun ƙarshen shekara)

 



Sa'ad da aka sanar da kan maganar da za mu yi yau, wani dattijo ya tare mu a bakin kasuwa, ya ce, "Ku 'yan boko ba ku rabo da abin mamaki. Ga tsadar taki, ga samari na zaman kashe wando, sa'an nan ku tara mutane ku ba su labarin mawaƙan Indiya?" Tambayar tasa tana kan hanya, kuma ita za mu yi ƙoƙarin amsawa daga farkon wannan lacca har ƙarshenta. A gajarce dai, mutanen da za mu ambata sun faɗa irin ramin da kakanninmu suka faɗa, a hannun Turawa iri ɗaya, suka kuma nemi tsanin fita da irin kayan aikin da namu malaman suka yi amfani da shi, watau rubutacciyar waƙa. Wanda ya ga yadda maƙwabcinsa ya yi jinyar ciwon da shi ma yake fama da shi, ai bai yi asarar kallo ba.

Harshen da muka daɗe muna ji ba mu san sunansa ba

Urdu harshe ne da ya girma a arewacin Indiya, musamman a kewayen birnin Delhi. Sunan nasa daga Turkanci aka samo shi, ma'anarsa sansanin mayaƙa. Ginin jimlarsa na ƙasar Indiya ne, amma ya sha kalmomin Farisanci da na Larabci har ya ƙoshi, kuma da baƙaƙen Larabci ake rubuta shi, daga dama zuwa hagu, tare da ƙarin wasu haruffa saboda sautukan da babu su a Larabci. Duk wanda ya san tarihin ajaminmu zai ga kamar labarin Hausa ake ba shi. Abin da mu muke kira duniya, imani, niyya, ilmi, alƙalami da labari, su ma da waɗannan kalmomi na Larabci suke kiransu, sai ɗan bambancin lafazi.

Kunnuwanmu kuwa sun daɗe da sabawa da wannan harshe. Tun shekarun 1950 da 1960 ake nuna finafinan Indiya a Kano, kuma da yawa daga waƙoƙin da iyayenmu suka haddace a silimar Plaza ko Marhaba, sha'iran Urdu ne suka rubuta su, irin su Shakil Badayuni da Sahir Ludhiyanwi da Majruh Sultanpuri. Daga baya har aka sami mabegan bandiri a Kano da ake kira Ushaƙu Indiya, waɗanda ke ɗaukar karin waƙar fim su ɗora masa yabon Annabi da Hausa. Ashe mun karɓi karin tun tuni, ma'anar ce ba ta iso mu ba. Abin da ya zo mana ta silima kuwa ɓangaren soyayya ne kurum. A bayansa akwai wani babban rumbu na waƙoƙin addini: akwai na'at, watau yabon Annabi, wanda malami irin Ahmad Raza Khan na garin Bareli ya shahara da shi, akwai marsiyya, wadda Mir Anis na Lakno ya kai ta ƙololuwa wajen makokin waƙi'ar Karbala, akwai kuma waƙoƙin farkar da al'umma, waɗanda su ne abin maganarmu yau.

Shekarar 1857 da shekarar 1903

A cikin 1857 sojojin Indiya da ke aiki ƙarƙashin Ingilishi suka yi bore, jama'a da dama suka mara musu baya. Da Turawa suka murƙushe boren, suka sake kama Delhi, sai suka kawo ƙarshen daular Mughal wadda ta yi fiye da shekara 300. Sarkinta na ƙarshe, Bahadur Shah Zafar, tsoho ne kuma sha'iri ne na Urdu. Aka yi masa shari'a, aka kai shi Rangun a ƙasar Bama, can ya rasu a 1862, nesa da kabarin iyayensa. Musulmin arewacin Indiya suka wayi gari ba sarauta, ba muƙami, ilmin da suka gada kuma ba ya ba mutum aiki a ofishin sabon mai mulki.

To, mu juyo gida. A watan Fabrairu na 1903 Turawa suka ci Kano, a watan Maris suka ci Sakkwato, a watan Yuli kuma Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya ya yi shahada a Burmi. Sarkin Kano Alu a Lakwaja ya ƙare kwanakinsa. Sarkin Zazzau Aliyu ɗan Sidi, mai waƙar Tabarƙoƙo, shi ma sarki ne kuma sha'iri, shi ma Turawa suka tuɓe shi suka kai shi Lakwaja, can ya rasu a 1924. Lugga kansa, wanda ya jagoranci cin ƙasar nan, a birnin Madaras na Indiya aka haife shi a 1858, kuma a Indiya ya fara aikin soja. Saboda haka in mun ce hannu ɗaya ne ya mari su ya mare mu, ba ƙari muka yi ba.

Bayan faɗuwa, tambayoyin da suka taso can su ne suka taso nan. Shin abin da ya same mu jarrabawa ce, ko sakamakon aikinmu ne? A kai yara makarantar Nasara, ko a ƙaurace mata? A Indiya wasu malamai suka kafa makarantar Deoband a 1866 don tsare ilmin addini, Sayyid Ahmad Khan kuwa ya kafa tasa a Aligar a 1875 don Musulmi su koyi ilmin zamani. A nan ma an yi wannan ja-in-ja tsakanin makarantar allo da ta boko, kuma kowa a wurin nan ya san ba a gama ta ba har yau. Alhaji Umaru, haifaffen Kano wanda ya zauna a Salga da Karachi ta ƙasar Gana ta yanzu, ya rubuta waƙa a kan zuwan Nasara tun abin yana da zafinsa. Watau can da nan, sa'ad da takobi ya faɗi, alƙalami aka ɗauka.

Hali: waƙar da ta faɗa wa mutane laifinsu

Altaf Husain Hali an haife shi a garin Panipat a 1837, ya yi almajirci wurin Ghalib, babban sha'irin Delhi, ya rasu a 1914. Sayyid Ahmad Khan ne ya roƙe shi ya rubuta wa Musulmin Indiya waƙar da za ta tashe su daga barci. A 1879 waƙar ta fito. Sunanta na asali yana nufin cikowar ruwan Musulunci da janyewarsa, amma an fi saninta da Musaddas, domin kowane baiti nata ɗango shida gare shi, kamar yadda mu muke da ƙwar biyu da ƙwar biyar.

Tsarin waƙar mai sauƙi ne. Ta fara da halin da Larabawa ke ciki kafin aiko Annabi, ta bi ta kan yadda Musulunci ya ɗaga su, ta zaga da mai sauraro Bagadaza da Andalus ya ga makarantu da likitoci da masana taurari, sa'an nan ta dawo da shi ƙofar gidansa. A nan ne Hali ya zare bulala. Ya taɓa 'ya'yan manyan gida masu ƙyamar sana'a suna taƙama da asali, ya taɓa malamai masu kafirta juna a kan ƙananan mas'aloli, ya taɓa attajirai marasa tausayi, bai ma ƙyale 'yan'uwansa sha'irai ba. Abin lura shi ne bai ɓata baitocinsa wajen zagin Turawa ba. Kuma da harshe mai sauƙi ya rubuta, har aka riƙa karanta waƙar a makarantu da tarurruka, mutane na hawaye. A wata waƙar dabam ya ari bakin matar da mijinta ya mutu, ya bayyana wulakancin da al'ada ke yi mata.

Wannan hanya ba baƙuwa ba ce gare mu. Malam Abdullahi ɗan Fodiyo, tun ana tsakiyar jihadi, ya ga wasu daga cikin jama'a sun karkata ga tara dukiya da dawaki da muƙami. Abin ya dame shi har ya bar rundunar ya nufi gabas, ya iso Kano wajen 1807, mutanen Kano suka tsayar da shi, ya karantar da su, ya rubuta musu Liya'ul Hukkami a kan yadda ake mulki da adalci. Waƙoƙin da ya yi na wannan takaici suna cikin littafinsa Tazyinul Waraƙati. Ga shi ƙanin Shehu, ga shi wazirinsa, amma bai ga cewa faɗar laifin nasa mutanen zai rage wa addini daraja ba. Darasi na farko ke nan: waƙar imani ta gaskiya daga gida take fara bincike.

Iƙbal: ƙorafi da amsarsa

Muhammad Iƙbal an haife shi a Siyalkot a 1877, ya rasu a Lahor a 1938. Ya fara da karatun Larabci da Farisanci a garinsu, sa'an nan tsakanin 1905 da 1908 ya yi karatu a Kembirij ta Ingila da Munik ta Jamus, ya komo da digirin dakta a falsafa da kuma shaidar aikin lauya. In da a garin nan yake, da ɗan boko za mu kira shi, mai kwat da wando. Wannan ne ya sa labarinsa ya fi shafarmu, mu da muke zaune tsakanin allo da littafin boko.

Kafin Yaƙin Duniya na Farko ya karanta wata waƙa a gaban babban taro a Lahor mai suna Shikwa, watau ƙorafi. A cikinta Musulmi ne ke kai kuka gaban Ubangijinsa: mu muka ɗauki tauhidi muka kai shi gabas da yamma, to, me ya sa yau wasu ke cikin ni'ima mu muna cikin ƙasƙanci? Wasu malamai suka ga waƙar ta yi tsaurin ido, suka yi masa ca. A 1913 sai ya fito da ta biyu, Jawabi Shikwa, watau amsar ƙorafi, ya karanta ta a wani taro da aka yi don tara gudummawa ga Turkawa lokacin yaƙin Balkan. Amsar ta juyar da tuhumar kan mai ƙorafin. A taƙaice ta ce masa: waɗanda suka yi wancan aiki kakanninka ne, kai me ka yi? Ka rarrabu ƙungiya-ƙungiya da dangi-dangi, ka bar wa talakawa sahun masallaci, kana son girbin abin da ba ka shuka ba. Waɗannan waƙoƙi biyu sun ƙetare Indiya. Wani malamin Masar, Sawi Sha'alan, ya mayar da su Larabci, Ummu Kulsum kuma ta rera wani yanki nasu a 1967 da sunan Hadisur Ruhi. 'Yan'uwanmu masu nazarin Larabci za su iya samun ƙarin bayani a littafin Abul Hasan Nadwi mai suna Rawa'i'u Iƙbal.

Jigon tunanin Iƙbal kalma ɗaya ce, khudi. Ba girman kai yake nufi ba. Abin da yake nufi ya fi kusa da abin da Bahaushe ke kira sanin ciwon kai da zuciyar yi. A ganinsa, Allah ya yi mutum halifa a bayan ƙasa, saboda haka wanda ya naɗe hannu ya ce ƙaddara ce, alhali bai motsa ba, ya yi wa tawakkali mummunar fahimta. Yakan kwatanta saurayi Musulmi da shaho, tsuntsun da ke neman abincinsa da kansa a sararin sama, ba ya sauka kan mushe. Manomin Kunya ko na Kantama ba ya bukatar a fassara masa wannan. Ya san ruwan sama na Allah ne, amma kai taki gona tun da rani nasa ne, kuma wanda bai yi huɗa ba ba ya zargin damina.

Akwai abu biyu kuma da ya kamata mu ambata. A cikin diwaninsa Bangi Dara na 1924 akwai waƙoƙi biyu a kan Sayyidina Bilal, a ɗayarsu ya gwada shi da Iskandar mai cin ƙasashe, ya nuna cewa daular wancan ta zama labari, kiran sallar bawan Habasha kuwa yana nan a kunnen duniya. Sa'an nan a 1933 ya ziyarci tsohon masallacin Ƙurɗuba a Andalus, ya yi masa waƙar da ake lissafawa cikin mafi kyawun abin da aka rubuta da Urdu, tana cikin diwaninsa Bali Jibril na 1935. Ya tsaya a wurin da Musulmi suka yi mulki suka rasa, amma maimakon ya tsaya ga kuka, sai ya tambayi abin da ke sa aikin ɗan Adam ya daɗe bayan mai shi ya shuɗe. Amsarsa ita ce aikin da aka yi da ƙaunar Allah da ikhlasi.

Namu masu farkarwa

Kada wani ya zaci mun zo tallan hajar waje ne don tamu ta kasa. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya yi waƙoƙi da Fulatanci don makiyayi da manomi su san farillan addininsu, ɗansa Isa da 'yarsa Nana Asma'u suka mayar da wasu Hausa. Nana Asma'u, wadda ta rasu a 1864, ta yi waƙa da Larabci da Fulatanci da Hausa, ta kuma kafa tsarin 'yan taru, inda jajis ke zuwa daga ƙauyuka su koyi waƙoƙin karatu su koma su koya wa mata. Ta yi wannan tun Hali yana yaro. A wannan fage namu sun fi Iƙbal kusa da talaka, domin shi manyan littattafansa na tunani, irin su Asrari Khudi na 1915, da Farisanci ya rubuta su, harshen da manomin Panjab ba ya ji.

A zamanin Turawa kuma muna da Malam Sa'adu Zungur na Bauchi, wanda ya haɗa ilmin addini mai zurfi da na boko har Kwalejin Yaba, ya rasu a 1958. Waƙar Bidi'a tasa faɗa ce ga al'umma a kan al'adun da aka cusa cikin addini, Arewa Jumhuriya ko Mulukiya kuwa gargaɗi ce ga sarakuna da jama'a a kan abin da zai biyo baya in ba a gyara ba. Malam Mudi Sipikin ya mayar masa da martani da Arewa Jumhuriya Kawai, watau mu ma mun san muhawara cikin baiti. Ga Mu'azu Haɗeja da waƙoƙinsa a kan ilmin zamani da giya da karuwanci. Ga Aliyu Namangi na Zariya, makaho mai Imfiraji, wadda har yau da wuya a sami Bahaushen da bai taɓa jin wani yanki nata ba. Ga Alhaji Aƙilu Aliyu, wanda ya yi wa masu raina harshensu Hausa Mai Ban Haushi. Ma'aunin waƙarsu da na sha'iran Urdu duk daga arulin Larabci aka samo su. Zaren tsaye ɗaya ne, in ji masaƙan garin nan, abawar ce kowa da irin tasa.

Inda ya kamata mu yi hattara

Ba za mu yi adalci ba in muka kawo zaƙin labarin muka ɓoye ɗacinsa. A 1930, a garin Allahabad, Iƙbal ya yi jawabin da ya nemi a haɗa yankunan Musulmi na arewa maso yammacin Indiya su zama jiha guda. Shekara tara bayan rasuwarsa, a 1947, aka raba Indiya aka kafa Pakistan, kuma a wannan rabuwa miliyoyin mutane suka bar gidajensu, dubban ɗaruruwa suka hallaka, Musulmi da Hindu da Sikh. Waƙa tana iya tashin mai barci, amma ba ita ke zaɓa masa hanyar da zai bi in ya tashi ba.

Abin da ya biyo baya ya fi kusa da mu. Shugabannin sabuwar ƙasar suka ɗauka cewa Urdu shi ne harshen Musulunci a yankin, saboda haka a 1948 Muhammad Ali Jinnah ya faɗa a birnin Daka cewa Urdu kaɗai ne zai zama harshen ƙasa. Mutanen gabashin Pakistan kuwa Musulmi ne, amma Bengali suke ji, kuma su ne suka fi yawa. A ranar 21 ga Fabrairu 1952 'yan sanda suka harbe ɗalibai masu zanga-zanga a kan harshensu. Wannan rauni bai warke ba, ya haɗu da wasu koke-koke na siyasa da tattalin arziki, har ƙasar ta tsage biyu a 1971 aka sami Bangladesh. Saboda tunawa da waɗannan ɗalibai ne hukumar UNESCO ta tsayar da 21 ga Fabrairu ta zama ranar harshen uwa ta duniya. Har yau waɗanda Urdu ne harshensu na gado ba su kai kashi 10 cikin 100 na mutanen Pakistan ba.

Darasin a fili yake. Hausa ta yi wa Musulunci hidima, Musulunci kuma ya yi wa Hausa riga da wando, amma Hausa ba sharaɗin imani ba ce. Babarbare ya riga mu karɓar addinin nan, Bayarabe da Banufe da Bafulatani kowa yana da malamansa da waƙoƙinsa. Akwai kuma maƙwabtanmu waɗanda ba Musulmi ba, masu jin Hausa kamar mu, da su za mu zauna a aji da ofis da kasuwa. Yayyenmu ma'aikata, ku da ake aikawa ko'ina cikin ƙasar nan, ku kuka fi kowa bukatar riƙe wannan. Wanda ya san kansa da gaske ba ya bukatar taka wani kafin ya ji tsawonsa.

Hattara ta biyu ita ce ta zama da tuna baya. Daɗin labarin Andalus da na Sakkwato yana iya zama abin maye, mutum ya yi ta lissafa abin da kakanni suka yi har rana ta faɗi bai ɗaga fartanya ba. Hali da Iƙbal da Sa'adu Zungur duk sun waiwaya baya ne don su auna yau da shi, su nuna giɓin da ke tsakani.

Ga masu cewa waƙa aikin banza ce, ko ma abin ƙi ce a addini, malamanmu suna nan, su suka fi mu sani. Iyakar abin da muka koya a gabansu shi ne ƙarshen Suratush Shu'ara ya keɓe mawaƙan da suka yi imani suka yi aiki nagari, kuma Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata gare shi, ya saurari Hassanu bin Sabit, ya kuma yafa wa Ka'abu bin Zuhairu mayafinsa. Ishiriniya da Burda da ake karantawa a zaurukan garin nan ai waƙoƙi ne.

Abin da ya rage gare mu

Yanzu sai mu koma ga tambayar dattijon nan na bakin kasuwa. A hutun bara mun je ta'aziyyar wani tsohon malami a wani ƙauye da ke ƙasar nan. Bayan an yi addu'a, magadansa suka fito mana da gafakarsa guda biyu, suka ce tun da mu ne masu karatu, mu duba mu gaya musu abin da ke ciki. Ɗaya gara ta riga ta cinye rabinta, ɗayar kuma ruwan Agusta ya yi mata ɗigo har tawadar ta gudu. A cikin abin da ya tsira akwai waƙoƙin wa'azi da Hausar ajami, wasu da hannun marigayin, wasu da hannun da ya girme shi. Muka karɓa muka juya, muka sake juyawa, da ƙyar muka haɗa baiti biyu. A ƙarshe wani almajiri mai tallan goro ne ya karanta mana su tiryan-tiryan. Ranar mun ji kunyar da ba mu taɓa ji a ɗakin jarrabawa ba. Yaron Lahor yana karanta Iƙbal da haruffan da Iƙbal ya yi rubutu da su. Mu kuwa tsakaninmu da rubutun kakanninmu akwai katanga, har ajamin da ya rage a jikin takardun Naira 200 da 500 da 1000 da yawanmu kallonsa kawai muke yi.

Saboda haka muna kawo shawara huɗu, kuma babu wadda ke bukatar kuɗin gwamnati.

Ta farko, kowane ɗalibi a cikinmu ya nemi malami a unguwarsu ya koyi karatun ajami a wannan hutu. Wanda ya sauke Alƙur'ani ko ya yi nisa a allo, 'yan makonni sun ishe shi.

Ta biyu, mu rarraba kanmu bisa garuruwanmu, Minjibir da Kunya da Wasai da Kantama da Sarbi da sauransu, mu nemi izinin masu gafaka mu ɗauki hoton takardunsu da wayoyin da ke aljihunmu, mu rubuta sunan mai su da garinsa, mu bar musu kayansu a hannunsu. Hotunan sai mu kai inda za a adana su, kamar Hukumar Tarihi da Al'adu ta Jihar Kano, ko Gidan Arewa a Kaduna, ko sashen harsunan Nijeriya na Jami'ar Bayero.

Ta uku, 'yan'uwanmu mata su zauna da kakanninmu mata su naɗi waƙoƙin wa'azi da na begen Annabi da suka haddace tun suna 'yan mata. Yawancin waɗannan ba a takarda suke ba, a ka suke, kuma duk tsohuwar da aka kai makwanci da nata take tafiya.

Ta huɗu, mutanen Urdu suna da wani zama da suke kira musha'ara, inda sha'irai ke haɗuwa kowa ya karanta tasa, jama'a na saurare suna yabawa ko suna gyarawa. A Kano ma ƙungiyoyin Hikima da Hausa Fasaha sun yi irin wannan hidima. Me zai hana mu riƙa yin haka a kowane hutu a nan garin? Sharaɗin kawai shi ne a taɓa abin da ke damunmu yau: yaron da aka tura bara ba guzuri, saurayin da ƙwaya ta cinye, yarinyar da aka cire daga aji, ma'aikacin da ba ya ɗaga fayil sai an shafa masa hannu, da mu kanmu ɗalibai masu satar amsa a jarrabawa sa'an nan mu fito mu yi sahun gaba a masallaci. Masu Larabci a cikinmu kuma su gwada mayar da wani abu na Iƙbal zuwa Hausa, mu ji yadda zai zauna a bakinmu.

Ga dattijon da ya yi mana tambaya, amsarmu ke nan, Baba. Waƙa ba za ta sauko da kuɗin taki ba. Amma ma'aikacin da zai raba takin nan gobe yana zaune a cikin taron nan yau, kuma abin da ya shiga zuciyarsa yanzu shi zai hana shi karkatar da buhun da aka ba shi amana, ko ya ƙyale shi ya karkatar.

Abin da muka faɗa daidai daga Allah ne, kuskuren da ke ciki namu ne, muna roƙon malamanmu su gyara mana. Allah ya jiƙan magabatanmu, ya ba mu ikon riƙe abin da suka bari.